Yadda Ake Ziyarar Iva Valley da Tsoffin Mahaƙun Kwal na Inugu

Jiragen ƙasan da suka riƙa jan gyaɗa daga Kano da auduga daga ƙasar Zazzau a zamanin Turawa da kwal suke tafiya, kuma yawancin kwal ɗin daga ƙarƙashin tsaunukan Inugu aka haƙo shi. Kakanninmu sun ga hayaƙin, sun ji jiniyar, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin inda baƙin dutsen yake fitowa ko mutanen da suke shiga cikin ƙasa su ciro shi. Yau an daina haƙar, amma unguwannin mahaƙan suna nan, bakunan ramukan suna nan cikin ciyawa, wasu daga cikin tsoffin ma'aikatan ma suna raye. Duk ɗan Arewa da harka ta kai shi Inugu, ko malamin makaranta, ko ɗalibin tarihi, ya kamata ya ware kwana biyu ya je ya gani.

Sai dai a sani tun yanzu: Iva Valley ba wurin yawon buɗe ido ba ne da aka gyara aka sa masa ƙofa da mai sayar da tikiti. Unguwa ce ta talakawa a cikin kwari, mutane na zaune a cikinta, yara na zuwa makaranta, mata na shanya. Wanda ya sauko daga mota ya fara ɗaukar hoto ba sallama ba zai ga komai ba sai tsoffin gine-gine da idanun mutane a kansa. Wanda ya bi a hankali, ya samu ɗan gari ya shige masa gaba, shi ne zai dawo da labari. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: ka san labarin kafin ka tashi

In ba ka san abin da ya faru a wurin ba, bakin rami rami ne kawai. A 1909 wani masanin duwatsu mai suna Albert Kitson, da ke cikin ayarin binciken ma'adinai na gwamnatin Turawa, ya gano kwal a tsaunukan Udi. Wajen 1915 aka fara haƙa. Saboda wannan kwal ɗin ne aka kafa Fatakwal a matsayin tashar jiragen ruwa, aka shimfiɗo layin dogo daga can ya iso Inugu a 1916. Mahaƙar Iva Valley ta buɗe a 1917. Garin Inugu kansa a kan wannan aiki ya tsiro, a ƙasar mutanen Ngwo da maƙwabtansu. Daga baya layin ya miƙe arewa ta Makurɗi da Kafancan ya haɗe da na Kaduna, kuma da aka buɗe gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932, sai taragon kwal ya riƙa wucewa kai tsaye ba tare da an tsallakar da shi ta ruwa ba.

A farkon al'amari ba kowa ne ya shiga aikin da son ransa ba. Turawa sun dogara da sarakunan da suka naɗa, musamman Onyeama na garin Eke, su tara musu leburori daga ƙauyuka. Sannu a hankali aikin ya zama sana'ar gado, mahaƙan suka kafa ƙungiya, suka koyi neman haƙƙinsu.

Abin da ya sa sunan Iva Valley ya shiga tarihin Najeriya ya faru ne ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Ma'aikata suna bin bashin kuɗaɗen da suka ce an danne musu, sai suka shiga jan ƙafa a wurin aiki. Hukumar mahaƙa ta kori wasu, su kuma suka ƙi fita, suka yi zaman dirshan don kada a kulle su a waje a ɗauki wasu. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyar da ake fasa dutse da ita ta faɗa hannun matasa masu neman 'yanci, ta aiko 'yan sanda su kwashe ta. A Iva Valley, jami'in ɗan sanda Bature mai suna F. S. Philip ya ba da umarnin harbi. Mahaƙa 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, kuma ba su ɗauke da bindiga. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba. 'Yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti guda na gaggawa, gwamnati ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin wani Bature mai suna Fitzgerald. Masana tarihi suna lissafa wannan rana cikin abubuwan da suka hanzarta neman mulkin kai.

A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya. Haƙar ta kai ƙololuwarta a ƙarshen shekarun 1950, sannan ta fara gangarowa: an samu man fetur a Oloibiri a 1956, hukumar jiragen ƙasa ta koma injinan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki har ruwa ya cika ramuka da dama. An yi ƙoƙarin farfaɗowa da sababbin injina a shekarun 1970, bai yi tasiri ba. Wajen 2002 aikin hukumar ya tsaya. Wannan ya ishe ka guzuri; sauran za ka ji shi daga bakin masu wurin.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Ka je da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Damina a can tana da tsawo, tun daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma hanyoyin ƙafa da ke gangarawa bakin ramuka jar ƙasa ce mai santsi a gefen tudu. Da rani ciyawa ta ja baya, ana ganin inda ake sa ƙafa. In za ka iya daidaita tafiyarka da tsakiyar Nuwamba, ya fi, domin lokacin ne zancen 1949 yake dawowa bakin mutane. Ka kauce wa makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara: duk ɗan yankin da ke Legas ko Kano ko ƙasar waje yana komawa gida, kuɗin mota da na jirgi da na masauki duk su haura, hanya ta cushe.

Abu na biyu, kada ka sa ranar Litinin cikin lissafinka, ko ta isowa ko ta yawo ko ta komawa. A 2021 ne aka shiga al'adar zaman gida na ranar Litinin a jihohin Kudu maso Gabas, bisa kiran masu fafutukar Biyafara. Ƙarfinta yana raguwa yana ƙaruwa gwargwadon wuri da lokaci, gwamnatin jiha ma ta yi ta kiran mutane su fito, amma baƙo ba shi ne zai gwada zurfin ruwa ba. Ka isa Talata ko Laraba, ka gama kafin ƙarshen mako.

Mataki na uku: hanya

Mafi sauƙi shi ne jirgin sama daga Abuja zuwa filin jirgi na Akanu Ibiam da ke Emene, tafiyar da ba ta wuce kimanin awa guda ba. Mai zuwa da mota daga Arewa yana da hanyoyi biyu sanannu. Ɗaya ta Lafiya da Makurɗi da Otukpo, ɗaya ta Lakwaja da Ajakuta ta ratsa ƙasar Igala. Duk biyun suna kai ka Obollo Afor, daga nan ka gangaro mahaɗar da ake kira 9th Mile, ƙofar shiga Inugu. Daga Abuja tafiyar yini ce, daga Kano ko Sakkwato kuwa gara ka raba ta biyu ka kwana a hanya. Ka tashi da asuba don ka shiga gari da sauran rana. Akwai shingayen jami'an tsaro da yawa, ka riƙe katin shaidarka a aljihun gaba. Kada ka dogara da jirgin ƙasa na layin gabas. Tarihinsa za ka je gani, ba shi zai kai ka ba.

A cikin birni an hana acaɓa shekaru da dama. Keke da ƙananan bas da tasi su ne abin hawa. Shawarata ita ce ka yi shatar mai keke ko mai tasi guda na yini, ku gama ciniki kafin ka hau, ka faɗa masa duk wuraren da za ku je da cewa za a yi jira. Kwarin Iva ba wurin da za ka tsaya bakin titi kana jiran abin hawa da yamma ba ne.

Mataki na huɗu: masauki da ɗan jagora

Masauki ba wuya. Akwai otal-otal iri-iri a unguwannin GRA da Independence Layout da New Haven, kowa da ƙarfin aljihunsa. Abin da ke buƙatar tunani shi ne wanda zai shige maka gaba.

Ka fara da namu. Hausawa sun daɗe a Inugu, suna da masallatai da shugabanninsu da Sarkin Hausawa, suna kasuwar dabbobi da kayan gwari da canji. Babban masallaci yana yankin Asata. Ka yi sallar la'asar a can, ka gaisa da dattawa, ka faɗi abin da ya kawo ka. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa a garin, suna jin Ibo kamar yadda suke jin Hausa, kuma sun san wanda ya san wani a Iva Valley ko Coal Camp, tsohuwar unguwar leburorin kwal. Su ne kuma za su gaya maka gaskiyar halin da gari yake ciki a wannan makon, abin da ba za ka samu a intanet ba. Ka tambaye su labarin Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC ta su Azikiwe, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Mutanen garin da dama har yau suna ambatonsa da alfahari, kuma zance ne mai buɗe ƙofa tsakaninka da su.

Amma jagoran da zai kai ka bakin rami dole ya zama ɗan unguwar, ko ɗan tsohon mahaƙi, wanda matasan wurin suka san fuskarsa. Ku yi magana a kan abin da za ka ba shi tun da farko. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don a cikin kwari ba ko'ina ake samun sabis na tura kuɗi ba.

Mataki na biyar: abin da za ka saka da abin da za ka ɗauka

Ka ajiye babbar riga da takalmi sau-ciki mai santsi a masauki. Wando mai kauri, riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi da sauro, takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Mace ta sa doguwar riga da wando a ciki da hijabin da ba zai riƙa kama ƙaya ba. Ruwan sha gora biyu, tocila mai ƙarfi, littafi da biro, da abin cajin waya. Sanda ma tana da amfani, don dogarawa da kuma bugun ciyawa a gabanka saboda maciji.

Mataki na shida: ranar farko, cikin gari

Kada ka fara da rami. Ka fara da gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Abakaliki, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Akwai sashe a kan tarihin birnin da kwal, akwai na al'adun Ibo, akwai na haɗin kan ƙasa inda za ka ga kayan Arewa ma. Awa ɗaya ko biyu ta isa. Ka nemi ma'aikaci ya zagaya da kai, ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, kuma ka tambaye shi halin da hanyoyin tsoffin mahaƙu suke ciki a yanzu. Sau da yawa irin waɗannan ma'aikata sun san masu kai baƙi.

Daga nan ka nufi Ogbete da Coal Camp. Nan ne aka zaunar da leburorin kwal, nesa da unguwar Turawa da ke can GRA, da layin dogo a tsakaninsu. Yau Coal Camp wurin kayan gyaran mota ne da maƙera da masu walda, ƙarar guduma ba ta yankewa. Ka sauka daga keke ka taka. Ka ɗaga kai sama da shagunan, za ka ga tsoffin gidaje jere, ɗaki-ɗaki, gajeru, kwanonsu ya yi ja don tsatsa. A irin ɗakunan nan magidanci da iyalinsa suka rayu, da bayan gida da famfo na tarayya. Bayan haka ka sa direba ya ratsa da kai ta GRA ka ga faɗin filaye da inuwar itatuwa. Tazarar da ke tsakanin unguwannin biyu ta fi kowane littafi bayyana yadda mulkin mallaka ya tsara wa ke sama wa ke ƙasa.

Tashar jirgin ƙasa tana kusa, haka babbar majami'ar Holy Ghost da babbar kasuwar Ogbete. Tashar ta cancanci tsayawa ta ɗan lokaci, domin daga nan kwal yake rabuwa biyu, wani ya yi kudu zuwa teku, wani ya yi arewa. Wurin gwamnati ne, ka nemi izini kafin ka shiga ko ka ɗaga waya.

Ka ƙare yinin a shataletalen New Market, inda aka kafa mutum-mutumin tunawa da mahaƙan 1949. Motoci suna kewaya shi ba dare ba rana, yawancin masu wucewa ba sa ko kallonsa. Ka sa a ajiye ka gefe, ka tsallaka da kula, ka dube shi da kyau. Daga wurin kana hango tsaunukan da gobe za ka shiga ƙarƙashinsu.

Mataki na bakwai: rana ta biyu, Iva Valley

Ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga wajen New Market hanya take gangarawa cikin kwarin. Unguwar tana kwance tsakanin tuddai, kore ko'ina, da jerin gidajen ma'aikata da hukumar kwal ta gina. Mafi yawan mazauna yanzu 'ya'ya ne da jikokin mahaƙa, da waɗanda suka zo daga baya neman haya mai sauƙi.

Abu na farko, gaisuwa. Jagoranka zai kai ka wurin shugaban unguwa ko wani dattijo. Kada ka ga kamar ɓata lokaci ne. Mu ma a garuruwanmu baƙo ba ya wuce ƙofar mai unguwa. “Ndewo” gaisuwa ce, “daalu” godiya ce, biyun nan sun isa su sa fuska ta saki, sauran a yi da Turancin buroka ko ta bakin jagora. In za ka riƙe goro, ka lura da wannan: goron da muke ci mai ɓari biyu ba shi ne na al'ada a wurinsu ba. Nasu shi ne mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, ana samunsa a kasuwar Ogbete, kuma shi ake miƙa wa dattijo. In an kawo maka goro a faranti, kada ka ɗauka ka fasa. Ka taɓa farantin ko ka karɓa ka nuna wa na kusa, ka mayar wa mai gida. Shi ne zai yi addu'a a kai da harshensu sannan a fasa a raba. In an kawo bammi ko giya, ka ce kai Musulmi ne cikin fara'a, sun saba, za a kawo maka lemo.

Sannan ka roƙi a haɗa ka da tsohon mahaƙi. Wannan shi ne zuciyar tafiyar. Waɗanda suka ga 1949 da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai waɗanda suka yi aiki a shekarun 1970 da 1980, kuma iyayensu ne suka ba su labarin harbin. Kada ka fara da ranar kisan. Ka tambaye shi aikin: ƙarfe nawa ake shiga, wace fitila ake ɗaurawa a hula, wane ne mai sara da diga, wane ne mai tura ƙaramin tarago, wane ne mai kafa katakon da ke tokare rufin rami. Ka tambaye shi yadda mutum yake gane rufi zai zubo, yadda ake aiki a durƙushe inda tsawon wurin bai kai a miƙe ba, abin da matarsa take ji in lokacin fitowa ya wuce bai dawo ba. Ka dubi hannuwansa yayin da yake kwatantawa, ka saurari numfashinsa. Ƙurar kwal ba ta barin ƙirji ko bayan an bar aiki. Zancen fansho da haƙƙoƙin da aka daɗe ana bi zai taso da kansa, haka zancen gidajen hukumar da makomarsu. Ka saurara, kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya ko ka ɗauki hotonsa, in ya ƙi ka bar shi. Da za ka tashi, ka ba shi wani abu a dunƙule cikin mutunci, kamar yadda za ka yi wa dattijon garinku.

Wata magana da ta shafe mu musamman. Iyalai da yawa a yankin nan sun rasa 'yan uwa a kashe-kashen 1966 a Arewa da kuma yaƙin da ya biyo baya, Inugu kuma ita ce hedikwatar Biyafara ta farko kafin sojojin tarayya su kama ta a Oktoban 1967. Wani dattijo zai iya kawo zancen da ya ji daga ina ka fito. Ba gardama ta kawo ka ba. Ka ji shi, ka yi masa jaje a kan wanda ya rasa, ka bar siyasar yau a gefe. Sau da yawa wanda ya fara da ɗaci shi ne zai ƙare da gaya maka sunan unguwar da ya zauna a Kano ko Jos, har ya jefo maka Hausa.

Mataki na takwas: bakin rami

Mahaƙun Inugu ba rijiya ba ne da ake sauka da igiya. Rami ne da aka huda a gefen tsauni ya miƙe ciki a kwance yana bin jijiyar kwal. Saboda haka abin da za ka tarar shi ne baki mai duhu a jikin tudu, wani an ɗaure shi da siminti, da ragowar ƙarafan dogo da tubalan gine-gine a cikin ciyawa, in masu jari-bola sun bar wani abu. Sunayen da za ka ji su ne Iva, da Onyeama da ke wannan ɓangaren, da Okpara da ke can kudancin birni. Jagoranka ne zai san wanda ake iya kaiwa a wannan lokacin. Tafiyar ƙafa ce ta cikin gonaki da ƙoramu, kada ka taka shukar mutane.

Ka tsaya a bakin, ka haska tocila, ka ji iskar da ke fitowa da sanyinta. Ka duba ƙasa, za ka iya samun gutsuren kwal, baƙi, mara nauyi sosai, yana ɓarewa falle-falle yana baƙanta yatsa. Ruwan da ke tsiyayowa daga wasu ramukan yana barin jan tabo kamar tsatsa a kan duwatsu. Ruwa ne da ya jiƙa da ma'adinan cikin rami, kada ka sha, kada ka yi alwala da shi.

Kada ka shiga. Ina nanata wannan domin za a samu saurayin da zai ce maka shi kullum yana shiga, ka ƙara masa wani abu ya kai ka ciki. Katakon da ke riƙe da rufin ya shekara da shekaru yana ruɓewa, injinan da ke hura iska da masu zuƙe ruwa sun daɗe da mutuwa. A tsohon rami iska mara kyau tana taruwa, ba wari ba launi, mutum sai dai ya ji jiri ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Akwai kuma iskar gas mai kama wuta, don haka ba ashana, ba sigari, ko a bakin. Ruwan da ka gani kamar bai wuce idon sawu ba yana iya ɓoye rami mai zurfi. Mahaƙan da suka san wurin sun shiga ne da horo da kayan aiki da injiniya a bayansu, duk da haka wasu ba su fito ba. Yara kuwa a riƙe hannunsu tun daga nesa.

In wasu matasa suka tare ku suna neman kuɗin shiga, ka bar jagora ya yi magana. Abin da ya sa ka ɗauke shi ke nan.

Mataki na tara: Milliken Hill da Ngwo

Kafin azahar ka fito daga kwarin, ka hau tsohuwar hanyar Milliken Hill wadda ta taso daga New Market ta nufi Ngwo da 9th Mile. Hanya ce ta zamanin Turawa da aka sassaƙa a jikin tsauni, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya. An gyara ta an sa mata shinge a 'yan shekarun nan, amma ka ce wa direba ya bi a hankali, kuma kada ku tsaya sai inda akwai fili sosai. Daga sama kana ganin birnin a shimfiɗe da kwarin da ka baro a ƙarƙashinka, sai ka gane cewa ramukan suna ratsawa ne ta cikin tudun da kake tsaye a kai.

A saman akwai Ngwo, masu asalin ƙasar. A nan dajin itatuwan fayin yake, dogaye a jere, ƙasa lulluɓe da busassun ganyensu masu kama da allura. Daga dajin ake gangarawa da ƙafa zuwa kogon Ngwo, inda ruwa yake zubowa ta wata kafa a rufin dutse ya taru a ƙasa. Gangarar tana da tsayi, hawowa ta fi wuya, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tsaya a dajin ya huta. Akwai 'yan gari masu karɓar kuɗin shiga da masu rakiya. Kada ka sauka kai kaɗai, kuma ka fito kafin la'asar sakaliya.

In akwai sauran kwana

Mai son ruwa da duwatsu ya ƙara da Awhum a ƙaramar hukumar Udi, inda ake bin ƙorama tsakanin bangayen dutse har zuwa magangarar ruwa. Wurin yana hannun wani gidan ibada na Katolika, masu ziyara da yawa addu'a ce take kai su, saboda haka akwai ƙa'idar sutura da ta ɗaukar hoto; ka tambaya a ƙofa ka bi abin da aka ce.

Ɗalibi ko mai bincike kuwa ya ba da safiya guda ga ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, reshen Inugu, ɗan uwan na Kaduna da na Ibadan. A can takardun gwamnatin lardunan gabas suke. Ka je ranar aiki da wasiƙar gabatarwa daga makarantarka da katin shaida, ka faɗa wa ma'aikata shekarun da kake nema da batun, su za su nuna maka kundin da za ka duba.

Abinci da komawa

Ga mai kiyaye yanka, masu tsire da masu abinci na unguwannin Hausawa sun wadatar. Amma kada ka bar garin ba ka ci okpa ba. Garin gurjiya ne ake kwaɓawa da manja da barkono da gishiri, a ƙulla a ganyen ayaba a dafa, ba nama a cikinsa. Da safe ake cinsa da zafinsa, guda biyu da shayi suna riƙe mutum har azahar, don haka shi ya dace da ranar da za ka sauka kwari. Na 9th Mile ya yi suna, mata suna tallarsa a bakin hanya. Ka taɓa ƙullin ka ji ɗumi kafin ka biya, wanda ya kwana yana saurin lalacewa.

Ranar komawa ka sallami dattawan masallaci da jagoranka tun da dare, ka karɓi lambar jagoran don wanda zai zo bayanka. In da mota ne, ka je tasha da asuba ka samu motar farko, ka tambayi direbobi wace hanya ta fi lafiya a ranar tsakanin ta Makurɗi da ta Lakwaja, don ka tsallake dazuzzukan da rana tsaka.